Sawun Hannu a Katangar Malam Yero

Ranar Talata yaran nan masu buga bulo a bakin titi suka zo ƙofar gidana da igiyar awo. Ɗana ne ya turo su, wai su auna katangar da ta tashi daga zaurena zuwa kwanar masallaci, a rushe ta a ɗora ta siminti. Ina zaune a dakali ina jin su. Ɗaya ya ƙwanƙwasa katangar da yatsa, ya ce wa ɗan'uwansa, "Wannan ai ba gini ba ne, wasan laka ne. Ko ƙanwata za ta iya." Na ce su naɗe igiyarsu su ba ni wuri. Tunda ba su da haƙurin tsayawa su ji dalili, zan rubuta musu shi, kafin idona na hagu ya bi na dama. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, amma na san abin da ake fara ajiyewa da abin da ake ɗorawa a kansa.

Ga wasan lakar, bi da bi.

Ana farawa da ƙasa, kuma ba kowace ƙasa ba. Mu daga kududdufin wajen Ƙofar Inkil muke ɗibar tamu, ja mai ɗan tsakuwa. Magini yakan jiƙa ta ya murza a tafi. In ta manne kamar tuwo, za ta tsage a rana. In ta warwatse, ruwan farko zai tafi da ita. Bayan an samu ta kirki, sai cuɗa. A zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a shiga da ƙafa a tattake, a bar ta ta kwana uku tana tsima, a dawo a sake. Daga nan sai tubali, da hannu ake mulmula shi ɗaya bayan ɗaya, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya shi mako biyu. Sannan gini: magini ya hau katanga ya zauna kamar mai hawan jaki, na ƙasa yana jefa masa tubali yana cafewa yana dasawa. Ba a wuce iyakar yini. In ka yi haɗama ka ɗora sabo a kan ɗanye, katangar za ta yi ciki, ta zauna da kai. Sai azara, wadda ake kawo mana a kan jakuna daga wajen Zungur. Sai rufi, sai indararo. Na ƙarshe shi ne yaɓe, a bi shi da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa, don ruwa ya zame ya wuce.

Kayan aikinmu fartanya ne da diga da kwando da tulu da tsani. Sauran duk jikin mutum ne. Ku kuna da injin da ke tofo muku bulo iri ɗaya, da cokalin birkila, da igiya mai lamba. In an karɓe muku igiyar nan, ko kewayen akuya ba za ku iya tsayarwa ba.

Ubangidana sunansa Malam Bukar. Babarbare ne, kakansa ne ya zo Bauchi ya zauna. Gajere, mai faɗin kafaɗa, mai bakin da ba ya hutawa. Rani uku na yi a wurinsa ƙafata cikin laka, har dugadugaina suka tsattsage ina cusa musu man shanu. Rani na huɗu ya ba ni jifan tubali. Sai a na biyar ya bar ni na hau katanga, kuma duk abin da na ɗora ran nan ya sa aka sauke. Bai taɓa kirana Sale shi kaɗai ba, sai ya haɗa da wata dabba.

Akwai abin da yake yi wanda a lokacin nake ɗauka surutun tsufa ne. In aka kira shi aiki, kafin ya dubi fili sai ya dubi maigidan. Ya tambayi shekarunsa. Ya sa shi ya tashi ya yi tafiya zuwa bakin zaure ya dawo, shi kuwa yana kallon gwiwoyinsa. Yakan ce gida tare yake girma da mai shi. Saurayi ana yi masa ɗaki a ƙofar gida, dokin ƙofarsa da tsawo, ya tsallaka abinsa. Magidanci yana can ciki a turaka. In ya fara manyanta, sai a kira mu mu sare dokin ƙofa. In ya ƙara, a dawo da shi shigifa kusa da zaure, inda zai ji kiran salla, baƙi su same shi ba tare da sun keta gida ba. In ya ƙara kuma, mu yi masa dakali a ƙofa, mu yi wani a tsakiyar hanyar masallaci don ya huta. Ku shiga tsohon gari ku duba abin da ya rage. Duk inda kuka ga dakali a wurin da ba ƙofar kowa ba, wani tsoho ne numfashinsa yake ƙarewa a daidai nan. Lungunan da kuke raina wa ƙunci, wai mota ba ta shiga, an yi su ne yadda mutum zai sami inuwa da abin dafawa. Mota ba ta tsufa ta ce a riƙe ta.

Na ji duk wannan da kunne, amma bai shiga hannuna ba sai a aikin gidan Malam Yero.

Saura shekara biyu a karɓi 'yancin kai aka yi wata damina da har yau ba na son tuna ta. Ruwa ya yi ta sauka ba sararawa, soraye suka jiƙe har azara, wasu suka rufta. Mutane suka tsorata da ƙasa. Duk mai ɗan hali ya fara zancen kwano da siminti, mu kuwa aka fara kallonmu kamar mu muka aiko ruwan. A daminar nan Malam Bukar ya zamo daga tsani, ƙugunsa ya goce, bai ƙara hawa katanga ba. Da kaka ta yi aka zo neman mai yaɓe a Unguwar Jahun, sai ya ce, "Sale, jakin dawa, je ka. Kada ka kunyata ni." Shi ne aikin farko da na riƙe da kaina.

Malam Yero Bafillace ne, ya yi kiwo, ya yi fataucin shanu, sannan ya zauna a gari. Yanar ido ta makantar da shi shekara goma sha uku kafin lokacin. Ba ya riƙe sanda. Yakan ce shi sandar kiwo ya sani, kuma tunda ba shanu a lungu, ba abin da zai yi da ita. Ba ya yarda a ja shi. Sau biyar a yini yake fita shi kaɗai, tasbaha a dama, hagu a jikin katangar gidansa, ya bi lungu har kwana, ya tsallake kwatar da ke fitowa daga gidajen unguwa, taku uku ya shiga masallaci.

Yana da ɗa, Hamidu, akawu a ofis, mai keke da agogon hannu. Hamidu ya gina gidan bulo da kwano a bayan ganuwa, wajen Fadaman Mada, inda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa. Gida mai matakala uku a ƙofa, masallaci kuwa sai an yi tafiya a fili fetal ba abin dafawa. Yana son ya ɗauke ubansa, musamman da ya ga soraye suna faɗuwa. Ba mugun ɗa ba ne, wannan na shaida. Uban ya ƙi. Da aka gaji, suka yi alkawari a gaban liman: muddin tsoho yana kai kansa masallaci ba mai riƙe shi, a bar shi a gidansa. Ranar da ya kasa, ya bi ɗansa ba gardama. Duk unguwa ta san da wannan. Ni kaɗai ne ban sani ba, don ban tambaya ba.

Lokacin da na je, Malam Yero yana Inkil wurin ta'aziyyar wani ɗan'uwansa, zai yi mako guda. Hamidu ya nuna mini katangar ya ce a gyara ta tsaf kafin Baffa ya dawo. Na duba. Ruwa ya cinye gindinta, wannan na gane. Amma akwai wani ɗan kwari a jikinta, daidai ƙugun mutum, faɗin yatsu huɗu, baƙi wuluk, mai santsi kamar bayan ƙwarya. Ya taso daga bakin zaure, yana ɗan hawa yana ɗan sauka, har kusa da kwana, inda ya ƙare da wani rami da babban yatsa zai shige. Na ce a raina awaki ne suke goga jiki. Ban tsaya na tambayi kaina wace akuya ce ta kai ƙugun mutum ba. Na cike kwarin, na toshe ramin, na yaɓe katangar daga sama har ƙasa, na bi ta da makuba har tana sheƙi. Masu wucewa suka yi ta yabo. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, ka gaya wa Malam kuwa?" Na ce mata aikin maza ne, ta wuce da tallarta.

Ranar da ya dawo ina nan, na zo ne a yaba mini a gabansa. Aka kira Azahar. Ya yi alwala, ya fito zaure, ya miƙa hannun hagu. Na ga hannun ya tsaya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Mutane suna zaune a dakali suna kallo, shi kuwa ba mutumin da zai ce a taimake shi ba ne. Ya kama tafiya, yatsunsa suna lalube. Ramin nan da na toshe, ashe shi ne yake gaya masa saura taku biyu ya buɗe ƙafa ya tsallake kwata. Yana ta neman ramin har katanga ta ƙare. Ya zurma cikin kwatar, ya faɗi a kan gwiwa, farar rigarsa ta yi kaca-kaca, tasbaha ta tsinke. Mutum biyu suka ɗaga shi, suka mai da shi gida a riƙe. Jam'i ya wuce shi.

Da yamma Hamidu ya zo, ya durƙusa ya ce, "Baffa, alkawari. Ranar Lahadi ba ofis, zan zo da mota a kwashe kaya."

Tsohon ya ce, "Ina maginin?"

Na ce, "Ga ni, Malam."

"Ɗan wa ne kai?"

"Yaron Malam Bukar ne."

"Shi ya sa. Babarbare ne ya koya maka. Shekara goma sha uku ina yin hanya, ka zo ka share ta a yini biyu. Allah ya yi maka albarka, aikinka ya yi kyau. Kowa ya ce ya yi kyau."

Washegari aka ɗora Malam Bukar a jaki aka kawo shi. Bai gaishe ni ba. Ya sa aka matsa da jakin jikin katanga, ya shafa ta tun daga zaure har kwana. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Yero, ashe kana nan? Na ji an ce ka koma kiwon kwaɗi a kwata."

Daga cikin zaure Malam Yero ya ce, "Gara ni, da ƙafata na shiga. Kai fa da jaki yake ɗauke da kai kamar buhun gero?"

Fulani da Barebari abokan wasa ne, sai da suka gama wannan tukuna. Daga nan Malam Bukar ya juyo kaina. "Kai, tunkiyar Allah. Kafin ka taɓa katangar nan, wa ka tambaya?"

"Mai gidan ba ya nan, Baba."

"Katangar ma ba ta nan? Ba ta nuna maka ba? Abu baƙi, mai santsi, daidai hannu, ya tashi daga ƙofa ya nufi masallaci. Akuyar unguwar nan salla take yi?"

Na ce zan gyara. Na ɗauko wuƙa da igiya, na ja layi, na sassaƙa sabon kwari, miƙaƙƙe sambal, na huda rami a ƙarshe. Aka fito da Malam Yero bakin zaure, ya sa yatsu, ya yi taku huɗu ya tsaya. Ya ce, "Wannan hanyar wani ce. Mai wannan hanyar ba ya tari, ba ya ɗingishi, kuma ya fi ni tsawo. Tawa tana sauka a inda ƙasa ta yi gangare, tana hawa a inda nake gyara riga. Rufe abinka." Ya koma ciki.

Malam Bukar ya dubi katangar. Can ya ce in kankare abin da na sassaƙa, in kwaɓa ƙasa mai laushi wadda aka tankaɗe, ba tsakuwa ko ɗaya, in shafa ta da kauri daidai ƙugu, tun daga zaure har kwana, in bar ta ɗanya. Na yi. Ya sa aka sauke shi daga jaki aka zaunar da shi a dakalin masallaci, can ƙetaren kwata. Ya aika a gaya wa Malam Yero cewa katanga ɗanya ce, in yana da zuciya ya fito ba takalmi ya yi hanyarsa da hannunsa, in kuwa ba shi da ita, ya jira motar ɗansa.

Ya fito. Ya nutsa yatsu huɗu cikin lakar. Ba wanda ya matsa kusa da shi, don in an riƙe shi an gama magana. Yana ɗaga ƙafa, Malam Bukar ya buɗe baki a kaina, da ƙarfi, ba tsayawa. Ya faro daga ranar da ubana ya kawo ni wurinsa. Ya bi ta kan tulun da na fasa, da tubalin da na jefa ya sami liman a rawani, da irin cin tuwona. Ina tsaye a gefensa kaina a ƙasa, unguwa tana dariya. Sai da na saci kallo na gane abin da ake yi. Tsohon yana tafe a hankali yana nufo muryar, yatsunsa suna jan layi a cikin laka, layin yana sauka a gangare yana hawa inda ya saba. Da yatsun ƙafarsa suka ji damshin bakin kwata, ya ja da baya taku biyu, ya danna babban yatsa cikin katanga har gindi. Ya buɗe ƙafa ya tsallake.

Hamidu ya iso a kan keke ana cikin haka. Ya ce, "Baba Bukar, wannan ai jagora ne. Da murya kake jan sa."

Malam Bukar ya ce, "Ni? Yarona nake zagi. An hana a ofishinku ne?"

"To ranar Lahadi ya kai kansa masallaci mu gani, ba mai magana. Ko tari."

"Na ji. Amma ka sani, in na mutu da zagi a ciki, kai ne."

Kwana uku suka rage. Na tsare katangar nan kamar mai gadin gona, ina korar awaki da masu son taɓawa. Da ta sha iska na bi sawun da ruwan makuba, da tafin hannu, a hankali, ban ƙara ba ban rage ba. Malam Yero bai fita ba a kwanakin nan, a zaure ya yi sallolinsa, ya ce gwiwa ce.

Lahadi da hantsi mota ta zo ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shiga. Matan gida sun riga sun ɗaure kaya. Aka kira Azahar. Lungu ya cika, amma ba ka jin komai sai kukan kaji. Malam Bukar yana dakalin masallaci ya cusa gefen rawaninsa a baki. Tsohon ya fito da sabuwar tasbaha, ya miƙa hagu, yatsunsa suka faɗa cikin sawun. Bai lallaɓa ba. Tafiyarsa ya yi irin ta kullum, har yana gyara riga a inda layin ya hau. Babban yatsa ya shige rami, taku biyu, ya tsallake, taku uku, ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci. Sannan ya juyo ya ce, "Hamidu, in ka sallami mai motar ka zo, za a ta da salla."

Hamidu ya sallami mai mota. Aka kwance kaya.

Malam Yero ya ƙara shekara huɗu a gidan nan. Ranar da aka karɓi 'yancin kai, gari duk ya tafi kallo, shi ya bi katangarsa ya yi Azahar da mutum uku. A shigifarsa ya rasu, aka fitar da shi ta zaurensa. Kowace kaka ni nake zuwa yaɓen katangar, in yi sama in yi ƙasa, in bar tsakiya. Daga aikin nan ban ƙara taɓa tsohon gini ba sai na zagaya shi sau biyu, na tambayi wane ne mafi tsufa a gidan, da inda yake zama, da inda yake dafawa.

Yanzu ku ce mini a cikin lambobin igiyarku wace ce take nuna wannan. Kuna gina wa mutum gida yana da shekara arba'in kamar a arba'in ɗin zai tsaya. Matakala biyar a ƙofa, tayil mai santsi a banɗaki, katanga doguwa da fasassun kwalabe a kai, ba dakali ko ɗaya wai kada 'yan zaman banza su taru. In ya tsufa sai ku sa masa kujera a falo, ku kunna masa talabijin, ku ce Baba ya daina fita. Ba daina fita ya yi ba, hanya kuka hana shi. Na dafa katangar siminti ta maƙwabcina shekara da shekaru in za ni kasuwa, ba ta san ni ba har yau, sai dai ta kankare mini fata.

Tawa kuwa, wadda kuka ƙwanƙwasa, da kun sunkuya kaɗan da kun ga wani layi daidai ƙugu, ya fara duhu, ya fara santsi. Shekara shida ke nan ina yin sa, bai kai zurfin na Malam Yero ba tukuna. Ku gaya wa ɗana na gode, Allah ya yi masa albarka. Ranar da aka fitar da ni ta zauren nan, ku zo da bulonku da igiyarku, ba mai hana ku. Kafin nan, duk wanda ya taɓa mini katanga, na gaji bakin Malam Bukar, kuma ni ba wanda ya sa ni alkawarin yin shiru.